Kalmomin Kurtun Tawada

A Ingila ta ƙarni na 16, idan marubuci ya cika takarda da kalmomin da ya kwaso daga Latin, sai a yi musu laƙabi da inkhorn terms, wato kalmomin kurtun tawada. Ba'a ce: ana nufin alƙalami ne ya haife su, kunnen talaka bai taɓa jin su ba. Thomas Wilson ya yi wa masu wannan ɗabi'a kaca-kaca a littafinsa na balaga a 1553. John Cheke, malamin Girkanci a Cambridge, ya ma zarce shi, don da ya fassara Linjilar Matta sai ya guji lunatic, mai tushe a luna, wata, ya sa mooned a gurbinta.

Ana yawan cewa kalmomin da suka mutu, nauyinsu ne ya kashe su. Ban gamsu ba. A dubi temulent da abstemious. Uwarsu ɗaya uba ɗaya: temetum, abin sha mai sa maye. Ta farko na nufin wanda ya yi tatul. Ta biyu, da aka liƙa mata abs mai ma'anar nisanta, na nufin mai kame baki daga ci da sha. Ta biyun ta fi tsawo, ta fi wuyar furtawa, amma ita ce ta rayu. Dalilin, a ganina, shi ne temulent ta tarar da drunk zaune daram a bakin kowa, ita kuwa 'yar uwarta ta sami fili ba mai shi. Haka expede, kwance ƙafa daga tarko, ta dusashe bayan expedite ta karɓe aikinta.

Sai dai hujjar tana da ɓaraka, kuma ba zan rufe ta ba. Impede, ɗaure ƙafa, daga pes, wato ƙafa a Latin, ta iske hinder mai irin ma'anarta a gida, duk da haka suka zauna tare kamar kishiyoyi.

Wasu kuma sun rayu ne bayan sun juya wa asalinsu baya. Egregious ta fito daga e grege, wanda ya fita daga garke, kuma da farko yabo ce, irin na zakaran gwajin dafi. Gatse ya yi ta cin ta har yau ba a jingina ta sai ga mugun kuskure ko ƙarya ta fitar hankali. Eximious, mai kusan ma'anarta ta fari, ba ta sauya ba, tana nan kwance cikin tsofaffin ƙamusai.