Daga Fartanya zuwa Jarka: Jam'iyyun Riƙau da Farashin Mai a Yammacin Zamfara

Gabatarwa

A shekarar 1999, wadda aka haife ni a cikinta kuma mulkin farar hula ya dawo Nijeriya, ana sayar da litar man fetur naira 20. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A tsakanin waɗannan farashi biyu Jihar Zamfara ta yi gwamnoni biyar, uku daga cikinsu 'yan shiyyar yamma: Ahmad Sani Yariman Bakura, da Abdul'aziz Yari na Talatar Mafara, da Bello Matawalle na Maradun. Wannan maƙala za ta bi sawun jam'iyyun ra'ayin riƙau a ƙasar Zugu da kewayenta, wato Anka da Gummi da Bukkuyum, domin a ga yadda man fetur ya shiga tsakaninsu da mai jefa ƙuri'a. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, waɗannan jam'iyyu sun gina ƙarfinsu a kan manomin da ba ya buƙatar fetur, kuma tun da fetur ya shiga gonarsa da gidansa suke neman sabon harshen da za su yi masa magana da shi.

Zamanin fartanya

Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta fara ne a matsayin ƙungiyar al'adu a 1949, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Alamarta fartanya ce, kirarin magoya bayanta kuwa Salama. A Lardin Sakkwato, inda ƙasashenmu suke a lokacin, da wuya a raba jam'iyyar da En'e. Daga Sarkin Zamfaran Anka da Sarkin Mafaran Gummi zuwa dagatai da masu unguwanni, tsarin da ke karɓar haraji da jangali shi ne kuma ke isar da saƙon zaɓe. Jagoranta, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, jinin gidan Shehu Usmanu ne, saboda haka bijire wa jam'iyyar kan ɗauki kamannin bijire wa magabata. NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta zo da kiran Sawaba da maganar talakawa, amma ba ta iya karya wannan ginshiƙi a lardin ba.

Ya kamata a lura da ƙarancin mutanen da jam'iyyar ke buƙatar shawo kansu. A 1951 zaɓe hawa-hawa ake yi, ta hannun wakilai. Ko a babban zaɓen 1959 maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a Arewa. Shi kuwa mai ƙuri'ar, da ƙafa yake zuwa gona, jaki ke kai masa dawa kasuwa, matarsa da turmi da dutsen niƙa take sarrafa hatsi. In ban da kananzir na fitila, babu abin da ya haɗa shi da rijiyar man da aka gano a Oloibiri a 1956. Fartanya ta dace da shi ƙwarai.

Aminci da masara

Da sojoji suka miƙa mulki a 1979, jam'iyyar NPN ce ta gaji mafi yawan gidan NPC. Ta zo da alamar gida da masara da kirarin Aminci, ta kafa Alhaji Shehu Shagari a kujerar shugaban ƙasa, da Alhaji Shehu Kangiwa a ta gwamnan Jihar Sakkwato. Amma filin ya riga ya faɗaɗa: matan Arewa sun sami 'yancin zaɓe, an kuma mayar da shekarun mai jefa ƙuri'a 18. Garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon sarakuna, tun kafin nan ma an raba su da kotuna da 'yan doka da gidajen yari. Jam'iyyar da ta saba aika umarni sai ta koma yin alkawari, na abinci da na muhalli, kuma da kuɗin mai ake sa ran cika shi.

A wannan zamani fetur araha ne. Kwabo 15 da 'yan kai ake sayar da lita a 1978, ta koma kwabo 20 a 1982. Tun 1975 gwamnatin tarayya ta kafa asusun daidaita farashi, wanda ke biyan kuɗin dakon mai zuwa wurare masu nisa da teku, don mutumin Gummi ya saya a kan farashin mutumin Legas. An buɗe matatar Kaduna a 1980, aka haɗa ta da ma'ajiyar mai ta Gusau. Rikicin da ya girgiza yankin a lokacin na ƙasa ne: a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu a madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talatar Mafara, aka rasa rayuka. Duk da haka NPN ta sake lashe jihar a 1983. Haka kuma a zaɓen gwamnoni na 1991 NRC, wadda ita ce ta ɓangaren 'yan riƙau a cikin jam'iyyu biyu da Janar Babangida ya kafa, ta ci Sakkwato da Alhaji Yahaya Abdulkarim.

Inji ya shigo ƙauye

Canjin da ya fi kowane tasiri bai zo ta rumfar zaɓe ba. A shekarun 1990 shirin Fadama, wanda Bankin Duniya ya tallafa, ya yaɗa ƙananan injunan ban-ruwa masu shan fetur a tsakanin manoman rani, har da na bakin gulbin Zamfara. Injin niƙa ya ture dutse a gidaje da dama. Babura masu araha daga Sin da Indiya suka cika ƙauyuka, kabu-kabu ya zama sana'ar samari, kuma babur ne ke kai mai naƙuda asibiti idan hanya ba ta biyuwa ga mota. Cikin ƙasa da shekara ashirin, kuɗin shinkafa da albasa da kuɗin zuwa gaisuwar mutuwa duk suka rataya a wuyan lita.

Daidai wannan lokaci farashi ya fara tsalle. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ɗaga shi daga naira 3 da kwabo 25 zuwa naira 15, kafin ta tsayar da shi a naira 11. Daga rarar da aka samu ta kafa asusun PTF, ta ɗora Janar Muhammadu Buhari a kansa. Hanyoyi da magunguna da asusun ya samar sun ƙara wa Buhari farin jini a Arewa, kuma wannan farin jini zai zama jarin siyasa nan gaba.

Sabuwar jiha, tsohon gida

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. A 1999 jam'iyyar APP, wadda daga baya ta koma ANPP, ta ci zaɓen gwamna, ita ma da alamar masara. Ta faɗaɗa karɓuwarta ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce Shari'a, wadda Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999. Talakan da ya gaji da zalunci ya ga alkawarin adalci a cikinta, ta haka jam'iyyar manya ta sami goyon bayan irin mutanen da a da NEPU ke nema. Ta biyu ita ce tsayar da Buhari takarar shugaban ƙasa a 2003 da 2007.

Akwai kuma wata sa'a da jam'iyyar ta taka. Tunda PDP ke mulki a Abuja, duk ƙarin kuɗin mai laifin wasu ne. A 2000 Shugaba Obasanjo ya kai lita naira 30, yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ya sauko da ita 22. Ranar 1 ga Janairu, 2012, Shugaba Jonathan ya janye tallafi, farashi ya tashi daga naira 65 zuwa kimanin 141, zanga-zanga ta tilasta aka dawo da shi 97. A kowane karo ɗan siyasar ANPP a Anka ko Gummi yana iya tsayawa a tasha ya taya direbobi kuka. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Tsintsiya da jarka

A 2013 ANPP ta narke cikin APC tare da ACN da CPC da wani ɓangare na APGA. Masara ta koma tsintsiya, gidan 'yan riƙau ya ɗauki kirarin canji. Da aka ci Abuja a 2015, sai tudun ya zama nasu. A watan Mayun 2016 gwamnatin Buhari ta kai lita naira 145, kuma babu wanda za a nuna da yatsa.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 2021. Hukuncin Kotun Ƙoli na 24 ga Mayu, 2019, ya soke ƙuri'un APC a jihar saboda rashin ingantaccen zaɓen fid da gwani, Matawalle na PDP ya zama gwamna, sannan ya koma APC a watan Yunin 2021. A watan Satumba na shekarar, domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai, gwamnatinsa ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita sayar da shi ga gidajen man Gusau da hedikwatun ƙananan hukumomi 14, ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya. Manufar tana da hujja, domin a kan babura ɓarayin daji ke kai hari. Sai dai manomin rani ba ya iya ɗaukar gonarsa zuwa gidan mai. Na ga kawuna yana hawa babur daga Zugu zuwa Bukkuyum ya cika tanki, ya dawo ya zuƙe man da tiyo ya zuba wa injin ban-ruwa, bayan hanya ta sha kasonta. A wannan karo, wahalar mai ta fito daga Gidan Gwamnati na Gusau.

Ranar 25 ga Fabrairu, 2023, APC ta ci zaɓen shugaban ƙasa a Zamfara. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, ta faɗi na gwamna: Dauda Lawal na PDP ya sami ƙuri'a 377,726, Matawalle 311,976. Rashin tsaro da ƙarancin takardun kuɗi da rigimar cikin gida duk suna da kaso a wannan sakamako, amma ya nuna cewa mai ƙuri'a ya koyi raba kujeru, yana tuhumar kowa da abin da ke hannunsa. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Da farashi ya koma hannun kasuwa, nisanmu da teku ya dawo cikin kuɗin da muke biya.

Kammalawa

Cikin shekara saba'in da 'yan kai, jam'iyyun riƙau na wannan yanki sun jingina da sarauta, suka ƙara da alkawarin kuɗin mai, suka ƙara da addini, suka ari sunan mutumin da talaka ya yarda da shi. Kowace dabara ta yi aiki a zamaninta. Gwamnan jiha ba shi ke yanke farashin fetur ba, amma a hannunsa yawan litar da talaka ke ƙonawa yake: hanyar da ta gyaru tana rage shan mai, asibiti na kusa yana rage tafiya, famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana yana raba manomi da ɗan bumburutu, tsaro kuma yana buɗe gajeriyar hanyar da tsoro ya rufe. Janye tallafi ya ƙara wa jihohi kason da suke karɓa daga asusun tarayya, saboda haka uzurin rashin kuɗi ya yi rauni. Jam'iyyar da ke son ƙuri'ar Zugu a zaɓe mai zuwa za ta tarar da jikan mai fartanya yana jiran ta da lissafin abin da ya kashe a kan jarka tun daga zaɓen da ya wuce.