Tukunyar Bugazau: Tarihin Giyar Maguzawa a Ƙasar Rano da Kibiya

Gabatarwa

Na san tun daga ganin kan wannan maƙala wani zai ɗaure fuska ya ce, me ya haɗa mujallar ɗalibai da zancen giya? Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya kai ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci. Matsayin giya a Musulunci sananne ne, ba ya bukatar in maimaita shi, kuma ban ɗauki alƙalami don in yi mata kirari ba. Abin da ya dame ni shi ne, mu masu nazarin Hausa mun yi rubutu a kan rini da ƙira da saƙa da jima, amma sana'a guda da kakannin Hausawa suka daɗe suna yi mun tsallake ta kamar ba a taɓa yin ta ba. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Bari mu waiwayi kudancin Kano, wato ƙasar Rano da maƙwabciyarta Kibiya, inda Maguzawa suka riƙe wannan sana'a bayan birane sun yar da ita.

Kafin Zuwan Musulunci

Littafin Tarihin Kano, wanda Bature H. R. Palmer ya fassara da Turanci a 1908, ya lissafa manyan mutanen da ke zaune kewayen Dala a zamanin Barbushe, kowa da aikinsa. Akwai Gijigiji maƙeri, da Hanburki mai magani, da Maguji mai haƙar tama da narka ta, wanda littafin ya ce shi ne kakan Maguzawa. A cikin wannan jeri ne aka ambaci Bugazau, aka ce shi ne mai dafa giya. Wato ke nan a wancan zamani mai giya yana cikin shugabannin sana'a, kafaɗa da kafaɗa da maƙeri da mai magani. Wanda ya rubuta littafin Musulmi ne, amma bai goge sunan Bugazau ba.

Ita kuwa Rano tana cikin Hausa Bakwai. Labarin Bayajida ya ba ta Zamna Kogi ɗan Bawo, har ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo, kuma ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini. Tarihin Kano ya ce Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) ya kori Sarkin Rano daga Zamna Gaba, kuma a zamaninsa ne Wangarawa suka zo da Musulunci daga Mali. Daga nan ne hanya ta fara rabuwa biyu. Fada da birni suka kama salla sannu a hankali, mutanen ƙauye da na gindin duwatsu suka ci gaba da abin da suka gada. Lokacin da Shaihu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) wasiyyarsa, shan giya yana cikin abubuwan da ya ce sarki ya hana. Ba a hana abin da babu shi, saboda haka wannan wasiyya kanta shaida ce cewa giya tana nan a ƙasar Kano a ƙarshen ƙarni na 15.

Bayan Jihadi

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taɓa wannan yanki sosai, domin a Burumburum, kudu da Rano, aka kashe Alwali, sarkin Kano na ƙarshe daga gidan Haɓe, a 1807. Duk da haka masu jihadi ba su tilasta wa Maguzawa su musulunta ba. An ɗauke su a matsayin masu amana, suna biyan jiziya, ana barin su da al'adarsu. Masana da yawa suna ganin sunan Bamaguje ma daga kalmar Larabci ta Majusu ya fito, wato mutanen da shari'a ta yarda a karɓi jiziya daga gare su, ko da yake a bakin jama'a akan ce ma'anarsa mai gudun salla.

Wannan matsayi shi ya ba tukunyar giya mafaka. Bamaguje ba ya son zaman cikin gari. Yakan kafa babban gidansa a tsakiyar gonakinsa, shi da 'ya'yansa da jikokinsa, nesa da masallaci da kasuwa. Ƙasar Rano da Kibiya kuwa ƙasar duwatsu ce, kamar yadda duk wanda ya je Rurum zai shaida, ga ruwan sama ya fi na arewacin Kano, ga dawa tana yi sosai. Inda dawa ta wadata kuma idon hukuma ya yi nisa, nan sana'ar ta zauna.

Yadda Ake Dafa Ta

Dafa giya aikin mata ne, kuma yakan ci kusan mako guda. Da farko mace za ta auni dawa, an fi son ja, ta jiƙa ta a randa ta kwana. Sa'an nan ta tsame, ta baza a ƙasa ko a kan tabarma cikin inuwa, ta rufe da ganye, tana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana huɗu ko biyar, sai dawar ta fid da tsiro. Daga nan ta shanya a rana ya bushe, ta niƙa a dutse. Garin tsiron nan shi za ta dama da ruwa a manyan tukwane, ta dafa, ta sauke, ta bar shi ya kwana ya yi tsami. Kashegari ta sake ɗora shi a murhu, wannan karon dahuwa mai tsawo, tana juyawa da muciya. Idan ya huce sai ta zuba masa ɗan ragowar tsohuwar giya, ko kuwa ta juye shi a tulun da aka saba yi a ciki, wanda ba a wanke shi ƙal. Kafin kwana ɗaya ko biyu sai ka ji tulu yana tafasa ba wuta, kumfa tana tasowa. Wadda aka bari da kaurinta ita ce burkutu, wadda aka tace ta yi tsararo kuwa ita ce fito. Dusar da ta rage dabbobi ke ci.

'Yan'uwanmu masu karatun kimiyya sun bayyana mana dalilin kowane mataki. Ƙwayar dawa cike take da sitaci, shi kuwa sitaci ba ya zama giya sai ya koma sukari. Lokacin da ƙwaya ta fara tsiro takan fitar da wasu sinadarai masu narka sitacin don ta ciyar da ɗan tsiron, sai mai giya ta katse tsiron da rana, ta karɓe aikin. Tsamin kwana ɗaya kuma wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke kawo shi, irin waɗanda ke mai da madara kindirmo, kuma tsamin yana hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. Ragowar tsohuwar giya kuwa yis ne, shi ke cin sukari ya mai da shi abin maye. Matan nan ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun san aikin da hannu da harshe da hanci, uwa tana koya wa 'ya.

Abu guda da ya kamata mu lura da shi shi ne, burkutu ba ya ajiyuwa. Bayan 'yan kwanaki sai ya yi tsami ya lalace. Saboda haka ba a dafa shi sai da dalili, kuma in an dafa tilas a tara mutane su shanye.

Matsayinta a Zaman Jama'a

Babban dalilin dafa giya shi ne gayya. Mai gida in noma ya sha kansa sai ya sa matansa su jiƙa dawa, ya sanar da maƙwabta ranar da za a taru. Samari su zo da fartanya da garma, makaɗa suna zuga su, in an tashi a zauna a gindin itace a kewaya da ƙoƙo. Ladan aikin ke nan, ba kuɗi. Haka kuma a bikin aure da taron mutuwa da bukukuwan kaka, tulu ba ya rasa wuri. A wajen sha akwai ladabi: babba ke fara sha, kuma ƙoƙo ɗaya ke zagayawa.

Ga mace kuwa giya jari ce. Bamagujiya ba ta kulle, tana noma gayaunarta, kuma in ta mai da dawarta giya ta sayar, ta fi samun riba a kan ta kai ta kasuwa tsaba. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 da 1939, da Jerome Barkow, wanda ya kwatanta zaman Maguzawa da na Musulmi a wata maƙala ta 1973, sun bar mana bayanai a kan irin wannan rayuwa. Amma kada mu rufe ido ga ɗaya gefen. Giya tana cin dawa, kuma rumbun da aka yi ta ɗiba don sha da rani yakan kasa kai gida ga kaka. Ga faɗa a wajen sha, ga magidancin da ya mai da tulu abokin hira ya bar iyali da yunwa. Ba banza ba ne Hausawa suka ari kalmar suke cewa giyar mulki ko giyar kuɗi ta ɗebi wane, kuma ba banza Mu'azu Haɗeja ya keɓe waƙa guda don sukar giya ba.

Zamanin Turawa da Bayansa

Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels a 1890 ta hana shigo da barasa mai ƙarfi yankunan da ba su saba da ita ba, kuma da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903 sun sa Arewa cikin wannan hani. Giyar dawa kuwa ta ci gaba a ƙauyukan Maguzawa. Dokar Final Kod ta 1959 ma Musulmi kaɗai ta haramta wa sha.

Abin da ya rage sana'ar ya zo ne ta fuskoki da yawa. Sardauna ya yi rangadin musuluntarwa daga 1963 zuwa 1965, kuma wa'azi ya ci gaba bayansa. Maguzawan da suka bi Mishan, musamman ɗariƙar ECWA, su ma an hore su da barin sha. Dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, ya kawo noman rani da aikin lada, gayya ta ja baya. Daga bisani Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, har a 2013 ta farfasa kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a.

Sai ga wani abin mamaki. Kamfanin da ya fara yin giyar Star a Ikko a 1949, ya kuma buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, da sha'ir na Turai ya dogara. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dole kamfanoni suka koma ga dawa, har da irin SK5912 da aka inganta a Samaru. Wato injuna suka dawo kan abin da Bamagujiya ta sani tun zamanin Bugazau. Ko lemon Maltina da ake sha a bukukuwanmu ba tare da maye ba, sirrinsa tsiro ne. A Amurka kuma, inda aka halatta dafa giya a gida a 1978, masu yin 'yar kaɗan da hannu sun zama abin alfahari, ana rubuta tarihinsu.

Kammalawa

Ba na kiran kowa ya raya tukunyar Bugazau. Kirana ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan Rano da Kibiya, shi ne su yi amfani da hutu su zauna da tsofaffin da suka ga wancan zamani, su rubuta sunayen kayan aikin da matakansa, da waƙoƙin gayya da kirarin manoma, cikin ladabi ba da izgili ba. Maguzawa Hausawa ne, harshenmu ɗaya, kakanninmu ɗaya, kuma duk tsohuwar da ta rasu da waɗannan kalmomi a bakinta, Hausa ce ta yi asara. Allah ya sa mu dace, amin.