Ranar da aka tarbi Ibn Batuta da hura, shi kuwa ya ɗauka raini ne

Yau za mu koma baya shekaru wajen 670, mu bi sawun wani baƙo da ya ratso Sahara ya shigo ƙasashen baƙar fata. An yi masa tarba irin ta girma, shi kuwa ya koma gida ya sa aka rubuta cewa an wulaƙanta shi. Labarin ya shafe mu, don littafin nasa na cikin ƴan rubuce-rubucen da masana ke dogara da su in za su faɗi yadda yankinmu yake a wancan zamani. Abin da ya fahimta daidai ya shiga tarihi, abin da ya fahimta a karkace shi ma ya shiga.

Sunansa Ibn Batuta, haifaffen Tanja ta ƙasar Maroko a shekarar 1304. Ya bar gida a 1325 da niyyar aikin hajji, daga nan tafiya ta yi ta jan shi har Indiya, inda ya yi alƙalanci a birnin Delhi ƙarƙashin sarki Muhammadu bin Tuglak, wanda ya yi suna wajen kyauta. Duk fadar da ya shiga, ya saba a karrama malami da riguna, da dawaki, da kuɗi, sarki kuma ya yi masa magana baki da baki. Wannan ita ce tiyar da yake auna girmamawa da ita, kuma da ita ya zo ya auna mutanen daular Mali.

A watan Fabrairu na 1352 ya taso daga Sijilmasa cikin ayari. Bayan kwana 25 suka sauka Tagaza, garin gishiri, bayan wata biyu suka iso Walata, wadda yau take cikin Muritaniya. A lokacin ita ce ƙofar daular Mali ta arewa. Nan aka fara samun matsala.

Fatake suka je gaida wakilin sarki, Farba Husaini. Suka tarar da shi zaune bisa shimfiɗa, dakaru na gabansa. Ga su tsaye dab da shi, amma bai yi musu magana kai tsaye ba, sai ta bakin wani mutum da ke isar da zance. Ibn Batuta ya ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci, har ya ce ya yi nadamar zuwa.

To jama'a, mu da muka san fada, wannan ya yi mana kama da raini? Wanda ya taɓa zuwa gaisuwa fadar Damagaram ko ta Katsinar Maraɗi ya san yadda abin yake. Ka faɗi ka yi gaisuwa, sarki bai ce komai ba ko ya ɗan motsa baki, fadawa ne za su ɗaga murya su ce sarki ya gaishe ka. Ba wanda ke fita yana cewa an raina shi. Ƴan uwanmu na zangon Kumasi sun san haka a fadar Asante, inda mai magana da yawun sarki ke riƙe da sandarsa ta musamman. Hikimar abin a fili take. Maganar sarki tana da nauyi, in ta fita ba a maido ta. Mai isar da zance yana tace ta, ya rage mata kaifi, ya kuma gyara ta baƙo in ya yi tuntuɓen harshe. Tsarin yana kare sarki, yana kuma kare mai gaisuwa. Ko neman aure a wajenmu, saurayi ba ya zuwa gaban uban yarinya ya faɗi buƙatarsa da bakinsa, sai ya tura manya.

Akwai shaida daga wani marubucin cewa wannan tsari ne na sarauta. Al-Umari, wanda ya tattara labarin zuwan Mansa Musa Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta hajji, ya ji daga bakin jami'in da aka ɗora wa tarbar baƙi cewa Mansa Musa ya iya Larabci sosai, amma bai yarda ya yi magana ba sai ta bakin tafinta. Shi kansa Ibn Batuta, da ya isa babban birnin Mali, ya tarar duk mai magana da sarki sai ya bi ta hannun wani mutum mai suna Duga, wanda shi ne tafinta kuma babban mawaƙin fada. Ke nan abin da ya gani a Walata ba don shi aka yi ba. Haka ake yi wa kowa.

Abu na biyu abinci ne. A nan Walata wani jami'i ya gayyaci ƴan ayari liyafa. Aka kawo dakakken hatsi an dama da nono da ɗan zuma, cikin ƙwarya. Kun ji fa, hura ce, ko ƴar uwarta. Mutanen da suka yi wata biyu cikin rairayi da ƙishirwa, me ya fi musu wannan? Sauran suka sha suka tashi. Ibn Batuta ya tambaya ko don wannan kawai aka kira su. Aka amsa masa cewa a wajen mutanen nan wannan ita ce babbar tarba. Ya ji amsar, bai karɓe ta ba. Ya yanke cewa babu wani alherin da za a samu wurin waɗannan mutane, har ya yi tunanin juyawa. Daga baya ya fasa, ya zauna Walata kwana wajen 50, sannan ya nufi kudu.

Ya isa babban birnin Mali a ƙarshen watan Yuni na 1352, zamanin Mansa Sulaiman, ɗan uwan Mansa Musa. Ya yi jinya wata biyu. Da ya warke ya je fada, aka gabatar da shi. Bayan ya koma masauki aka ce masa ga kyautar sarki nan tafe, ya tashi tsaye. Ya miƙe yana jiran riguna da zinariya. Abin da aka buɗe: gurasa uku, da yankin naman sa soyayye, da ƙwaryar nono. Ya yi dariya, ya yi mamakin yadda suke ɗaukaka abin da shi bai ga darajarsa ba.

A nan ma tiya biyu ce ta haɗu. Shi yana duban kuɗin abin da ke cikin akushi. Masu kawowa suna duban daga inda akushin ya fito. A wajenmu har gobe, in babban mutum ya aiko maka da abinci daga gidansa, ya shaida wa gari ke nan cewa kai baƙonsa ne. Da Ibn Batuta ya gaji da jira, ya bi ta hannun Duga ya kai kukansa, ya tuna wa sarki cewa ya zaga duniya ya ga sarakuna, me zai faɗa a kansa in ya koma? Sai aka ba shi gida da abin masarufi, kuma da zai tafi aka ba shi miskali 100 na zinariya. Ku lura, buƙatarsa ba ta biya ba sai da ya bi hanyar nan da ya raina a Walata. Duk da haka a littafinsa ya kira Mansa Sulaiman marowaci, kuma sunan ya bi sarkin har yau.

Abu na uku ya bambanta da na farkon biyu. Ya ga in sarki ya kira mutum, sai ya tuɓe kayansa masu kyau ya sa tsofaffi, ya cire rawani, ya naɗe ƙafar wando, ya matso cikin ƙasƙantar da kai ya buga gwiwar hannu a ƙasa. In sarki ya yi masa magana, sai ya ɗebi ƙasa ya zuba a kansa da bayansa. Wannan shi ne abin da tsofaffinmu ke kira hurwa ko afi. Ya kuma ga in wani ya tashi yana faɗin aikin da ya yi wa sarki, masu gaskata shi ba sa cewa komai, sai su ja tsirkiyar baka su saki ta yi ƙara. Shaida ke nan ba tare da kalma ko ɗaya ba.

Game da hurwa, Ibn Batuta bai yi kuskuren fahimta ba. Ya gane biyayya ce, ya dai ƙi ta, ya lissafa ta cikin munanan al'adun ƙasar. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Bayan shekaru fiye da 400, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sa zuba ƙasa a kai wajen gaisuwa cikin al'adun sarakunan Hausa da ya yi suka. Wannan saɓani ne na gaskiya a kan abin da ya halatta mutum ya yi gaban ɗan'uwansa mutum. Ya kamata mu raba abu biyun nan. Akwai al'adar da ka gane ma'anarta ka ƙi ta da hujja. Akwai wadda ka ba ta ma'anar da masu ita ba su nufa ba, sannan ka yi fushi da ma'anar da kai ka ƙirƙira. Ta biyun ce ke ɓata zumunci a banza.

Abin mamaki, su ma sarakunan Mali sun gamu da irin wannan a ƙasar wasu. A Alƙahira al'adar fada ita ce mai shiga gaban sarki ya sumbaci ƙasa. Mansa Musa, wanda dubban mutane ke yi wa hurwa a gida, ya ƙi. Ya yi ta kawo uzuri cewa shi hajji ya zo. Da ya shiga gaban Sarki Nasiru Muhammadu aka nemi ya yi, ya tsaya a kan bakansa, sai da wani mai hankali cikin mutanensa ya yi masa raɗa. Sannan ya bayyana cewa sujadarsa ga Allah ce da ya halicce shi, ya yi ta, ya matsa. Sarkin Masar ya ɗan miƙe ya tarbe shi, ya zaunar da shi kusa da shi. Raɗar mutum ɗaya ta hana rikici tsakanin manyan dauloli biyu, kowa ya fita da mutuncinsa.

Kada mu zalunci Ibn Batuta. Ya yabi mutanen Mali da abubuwa masu yawa: ƙin zalunci, zaman lafiyar hanya har matafiyi ba ya tsoron ɓarawo, riƙon dukiyar baƙon da ya rasu har magada su zo, cika masallaci ranar Juma'a, da himmar haddace Alƙur'ani. Inda ma'aunin addini ya haɗa su, idonsa ya gani sarai. Inda abin ya zama na al'ada, nan ya yi ta tuntuɓe.

Ya bar birnin a ƙarshen Fabrairu 1353, ya bi ta Tumbutu da Gawo, ya shigo ƙasar da yau take Nijar. Ya sauka Takedda, garin tagulla, wanda masana ke dangantawa da kufan Azelik a yankin Ingal, jihar Agadas. Ya ambaci cewa ana kai tagullar garin har Gobir da Barno. Ya kuma ji labari cewa sarkin Barno ba ya bayyana ga mutane, sai ta bayan labule yake magana. Ga amsar abin da ya dame shi a Walata ta sake zuwa masa. A watan Satumba ya kama hanyar gida ta Abzin, kuma aka kammala rubuta labarin tafiyarsa a 1355 bisa umarnin sarkin Maroko Abu Inan.

Me wannan ke gaya mana yau? Mu da muka yi lakwal mun san rayuwa tsakanin tiya biyu. A aji mushe na cewa yaro ya dube shi in yana masa magana. A gida yaron da ya kafe babba da ido, tsaurin ido ke gare shi. Ɗanmu ya je neman aiki ko biza ya sunkuyar da kai don ladabi, wanda ke gabansa ya ɗauka yana ɓoye wani abu. Ma'aikacin furoje ya sauka ƙauye da takardunsa ya faɗa kan magana ba tare da tambayar gida da gajiya da damina ba. Shi a ganinsa yana kiyaye lokacin mutane, su kuwa sun riga sun yanke cewa ba shi da tarbiyya. Dattawa su ce masa "to, mun ji", ya rubuta an amince, alhali sun ce ne kawai maganar ta shiga kunne. Bayan wata shida kowa na zargin ɗan'uwansa da saɓa alkawari. Ko tsakaninmu ƴan ƙasa ɗaya abin na faruwa. Buzu ya ja amawali ya rufe baki gaban suruki ko babba don girmamawa, wanda bai sani ba ya ce girman kai ne. Bafulatani ya ƙi cin abinci gaban mutane don kunya, mai gida ya ce an ƙyamaci tuwonsa.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, wannan ba laifi ba ne. Kuma magabata sun nuna ana iya zama da bambancin. Al-Bakri, wanda ya rubuta labarin tsohuwar daular Gana a wajen 1068, ya ce masu bin addinin sarki suna durƙusawa su zuba ƙasa a kai, Musulmi kuwa tafi kawai suke yi, kuma an karɓi gaisuwar tasu. Fada ɗaya, gaisuwa iri biyu, shekaru kusan 300 kafin zuwan Ibn Batuta.

Saboda haka in baƙo ya yi mana abin da ya yi kama da raini, mu fara tambayar abin da hakan ke nufi a garinsu. In mu ne baƙin, a Alƙahira ko Faransa ko ma a rugar da ke bayan garinmu, mu nemi wanda zai yi mana raɗa irin wadda aka yi wa Mansa Musa. In kuma an ba mu amsa, mu karɓe ta. Ibn Batuta ya yi tambayar a Walata, an faɗa masa gaskiya, ya zaɓi ya tsaya a kan tiyarsa, ga shi shekaru 670 ana karanta fushinsa a kan ƙwaryar hura.

Allah ya ba mu fahimtar juna. Sai wani jiƙon.