Yadda ake mayar da zaman tsohon keke kan sabo

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo cikin lissafin ma'aikata da ɗalibai da dama. Wanda ya soma da tsohon Raleigh ko Phoenix na gida, daga baya ya tara kuɗi ya sayi mai giya, yakan gamu da abin da bai zata ba: kafin mako ya zagayo gwiwa ta soma ciwo, wuyan hannu na sagewa. Galibi keken lafiyarsa lau. Zaman ne ya sauya, jiki kuwa ya riga ya saba da na da.

Jikin mahayi na taɓa keke a wuri uku: sirdi, feda da kan keke. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce zaman. Lambar girman da kamfani ke liƙawa ba abin dogaro ba ce, don kowa da irin awonsa. Saboda haka kada a sayar da tsohon sai an auna shi an rubuta. Tef ɗin tela, da zaren da aka ɗaura wa noti, da daɓe marar gangare sun wadatar.

Awo daga cibiya yake farawa, wato tsakiyar ƙarfen da hannayen feda ke juyawa a kansa, domin ba ta gusawa. A fara da tsayin sirdi: daga cibiya zuwa saman sirdi, daidai inda ake zama. Nan ne akasari ake yin kuskure, saboda hannayen feda ba tsawonsu ɗaya ba. Akwai na milimita 165, da 170, da 175, kuma sau da yawa ana buga lambar a jikinsu ta ciki. Idan na sabon keken ya ɗara na tsohon da milimita 5, sai a sauke sirdi da milimita 5, ƙafa ta miƙe yadda ta saba. Sirdin da ya yi ƙasa gaban gwiwa yake cuta. Wanda ya yi sama yakan ja jijiyar bayanta, ƙugu ya riƙa rangaji.

Sai a saki zaren daga hancin sirdi, a auna nisansa da cibiya. Wannan ne ke nuna yadda sirdi ya ja baya. Idan siffar sirdin biyu ta bambanta, hanci zai yi ƙarya, gara a auna daga inda kowanne ya fi faɗi. Ga mai hali, ɗauke tsohon sirdin a ɗora wa sabon keke ya fi komai sauƙi.

Bayan sirdi ya zauna ne ake komawa ga kai: nisansa daga sirdi, da bambancin tsayinsu daga ƙasa. Wasu masu gyara kan tura sirdi gaba don hannu ya kai. Gyaran ganganci ne, yana ɓata awon gwiwa. Wuyan da ke riƙe da kan ya kamata a sauya. Mai tasowa daga Phoenix, inda ake zama a miƙe, ba lalle ne ya samu wannan zaman cif a keken hawan dutse ba, domin ƙirar ta sha bamban.

Wanda tsohon kekensa da ma yana sa shi ciwo ba shi da abin kwafa. Akwai ƙa'idar da ake dangantawa da Ba'amurke Greg LeMond, zakaran gasar Tour de France a 1986, 1989 da 1990: a auna tsawon ƙafa ta ciki, daga ƙasa zuwa matsematsi, a ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne tsayin sirdi daga cibiya. Mafari ne kawai, daga nan a riƙa gyarawa da milimita biyu ko uku.

A jikin sandar sirdi akwai layin da kamfani ya zana, wanda ba a zaro ta fiye da shi, don tana iya karyewa ko ta fasa jikin keken. Idan sai an wuce layin ake samun tsayin da ake so, ko dai a nemi doguwar sanda, ko kuwa keken ya yi wa mai shi kaɗan.