Zaɓen Layi da Zaɓen 12 ga Yuni: Abin da Mu Mazauna Sabo Muka Gani

Duk lokacin da zaɓe ya matso sai ka ji matasanmu a bakin tasha da rumfunan mai shayi suna cewa, "Ni fa ba zan ɓata ranata ba, ai an riga an rubuta wanda ya ci." Idan kuwa wani dattijo yana kusa sai ya amsa musu da cewa a dawo da zaɓen layi irin na zamanin Babangida, wai shi ne kaɗai ba a iya maguɗi a cikinsa. Saboda wannan muhawara na ga ya kamata mu waiwayi tarihin abin, domin da yawa daga masu yabon layin sun manta yadda ya kasance ga baƙo, wasu ma ba a haife su ba a lokacin.

Ba haka kawai aka ƙirƙiro layi ba. A zaɓen tarayya na 1959 kowane ɗan takara da akwatinsa, an manna alamar jam'iyyarsa a jiki: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC. Mutum zai shiga ɗaki shi kaɗai ya jefa takardarsa. Sirri kam akwai shi, amma tun da babu mai ganin abin da ke gudana a ɗakin, sai wasu suka riƙa shiga da damin ƙuri'u a cikin riga suna ɗurawa. Zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965 shi ya fasa ƙwai. Aka ce jam'iyyar Akintola ta ci, jama'a suka ce ƙarya ne, aka shiga ƙone gidaje da motoci. Iyayenmu na nan ƙasar Yarbawa sun ɗanɗana kuɗarsu, don ana yi musu kallon 'yan NPC, ƙawar Akintola, ko da mutum bai taɓa riƙe katin jam'iyya ba. A 1983 kuma aka maimaita: hukumar FEDECO ta ce Olunloyo ya kayar da Bola Ige a Oyo, ta ce Omoboriowo ya kayar da Ajasin a Ondo, garin Akure ya kama da wuta, daga baya kotu ta mayar wa Ajasin kujerarsa. Ƙarshen shekarar soja suka karɓe mulki.

To, wannan ne gadon da Farfesa Humphrey Nwosu ya tarar da aka ba shi shugabancin hukumar zaɓe ta NEC a 1989. Matsalarsa ita ce jama'a sun daina yarda da akwati. Sai aka ce tun da haka ne a jefar da akwatin gaba ɗaya. A wannan shekara kuma gwamnatin soja ta ƙi yi wa ƙungiyoyin 'yan siyasa rajista, ta kafa jam'iyyu biyu da kanta, SDP mai doki da NRC mai gaggafa, har da gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi. A zaɓen ƙananan hukumomi na Disamba 1990 aka fara gwada layi: da safe a tantance masu katin zaɓe, sa'an nan kowa ya tsaya bayan hoton wanda yake so, ma'aikaci ya bi layi yana ƙirgawa da ƙarfi, a rubuta adadi a gaban kowa. Da shi aka yi na gwamnoni a Disamba 1991.

Gaskiya tsarin ya toshe wata babbar kafa. Mamaci ba ya tsayawa a layi, kuma mutum ɗaya ba zai tsaya a rumfa biyu lokaci guda ba. Amma mu dubi abin daga inda muke zaune. Ɗan gari yana da dangi da gonar gado, ko ya tsaya a layin da bai yi wa manya daɗi ba, gobe yana nan a gidan ubansa. Baƙo fa? Mai gidan da kake haya yana kallonka. Shugaban kasuwar da ya ba ka rumfa yana kallonka. Maigidanka na fataucin goro ko shanu, wanda a gidansa kake sauka kuma da sunansa ake ba ka bashi, yana tsaye a wancan layin yana ƙirga yaransa da ido. Na san wani mahauci da ya tsaya a tsakiyar fili har aka kusa fara ƙirge, yana jiran ya ga inda maigidansa zai nufa. Wasu kuwa da aka tantance su sai suka sulale gida, suka ce ciwon ciki. Malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da yawa ko fitowa ba su yi ba. Mai sayen ƙuri'a shi ya fi kowa jin daɗi, domin a da yana biya ne bisa amana, yanzu kuwa da idonsa yake ganin kayan da ya saya. Ba mu kaɗai ba ne ma: Kenya ta yi irin wannan layi a 1988 zamanin Moi, aka riƙa bayyana gajeren layi a matsayin wanda ya yi nasara, ala tilas suka watsar da shi.

Akwai kuskuren da ake yawan yi, gara a gyara. Mutane na cewa da layi aka zaɓi Abiola, suna kiran abin Option A4. A'a. Option A4 hanya ce ta fitar da ɗan takara a cikin jam'iyya, daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa babban taro na ƙasa. An kawo ta ne bayan Babangida ya soke zaɓen fitar da gwani na 1992, wanda Shehu Musa 'Yar'aduwa ke kan gaba a SDP, ya kuma haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa. Ta wannan hanya Abiola ya fito a taron Jos, Bashir Tofa kuma a Fatakwal. Ranar zaɓen kanta, 12 ga Yuni 1993, an gauraya tsarin ne: a tantance ka, a ba ka takarda ka dangwala a ɓoye, ka jefa a akwati a bainar jama'a, a ƙirga nan take kowa na gani. A ganina wannan haɗin shi ne sirrin ranar. Zaɓinka tsakaninka da Ubangijinka, ƙirge kuma a gaban idon kowa.

Sakamakon ya ba da mamaki. Abiola da mataimakinsa Babagana Kingibe duka Musulmi ne, amma Kiristoci suka zaɓe su. Abiola ya sami ƙuri'a fiye da miliyan 8, Tofa kimanin miliyan 6, har Jihar Kano, mahaifar Tofa, Abiola ne ya cinye ta. Mu nan wannan labari na Kano ya yi mana rana, don mun sami abin faɗa wa maƙwabta. Sai dai kada mu zuzuta: cikin mutum kusan miliyan 39 da ke da rajista, kimanin miliyan 14 ne suka fita. Sauran sun gaji da ɗage ranar miƙa mulki da aka yi ta yi, ga kuma hukuncin wata kotun Abuja da ya fito kwana biyu kafin zaɓe yana cewa kada a yi.

Waɗanda suka zauna gida su ne suka ce "ai mun faɗa muku." Ranar 23 ga Yuni aka soke zaɓen. Wanda ya ga watannin Yuli da Agusta na shekarar ba zai manta da tireloli da manyan motoci cike da mata da yara da katifu sun nufi Arewa ba, 'yan kabilar Ibo su ma sun nufi Gabas. Mun yi zaɓe lafiya tare da masu masaukinmu, soja suka ɓata, amma mu aka bari da zaman ɗar-ɗar. Babangida ya sauka a Agusta, Shonekan ya riƙe na wata uku, Abacha ya karɓa ranar 17 ga Nuwamba. Abiola ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998. Sai a 2018 gwamnatin Buhari ta mai da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya.

Tun daga nan an yi ta sauya kayan aiki. An kawo na'urar karanta kati a 2015, an kawo BVAS mai duba yatsa da fuska, amma masu fita sai raguwa suke: kusan kashi 44 cikin 100 a 2015, kashi 35 a 2019, a 2023 kuwa kusan kashi 27, wato mutum kimanin miliyan 25 cikin miliyan 93. Ko rabon 1993 bai kai ba. Mu kuma muna da tamu matsalar a kan wannan: da yawa katinsu na Kano ne ko Sakkwato ko Katsina, ranar zaɓe ko su yi tafiyar kwana guda ko su haƙura. Kansilan da zai gyara mana kwalbati da famfo a nan ake zaɓensa, kuma yana duba adadin ƙuri'ar da ta fito daga rumfunan Sabo kafin ya saurari Sarkin Hausawa. Dokar zaɓe ta yarda mutum ya mayar da rajistarsa zuwa inda yake zaune, a ofishin INEC na ƙaramar hukuma ake neman haka idan an buɗe rajista.