Tarihin Saka Wa Tsohuwar Akori-kura Injin Lantarki Don Ta Ja Da Taya Huɗu

Yau mun ɗan ajiye maganar waya, za mu leƙa wajen mota.

Ka san yawancin tsofaffin akori-kura, irin Peugeot 504, tayoyin baya ne kawai ke jan su. Shi ya sa da damina idan bayan ya kafe a laka, na gaba sai kallo. Dabarar da ake magana ita ce ka bar injin fetur yana jan baya yadda yake, ka saka wa tayoyin gaba injin lantarki da batir. Motar ta zama fowil ke nan, kuma haibirid. Kada ka ɗauka sabon abu ne, ya haura shekara 120.

A 1900 wani matashin injiniya, Ferdinand Porsche, yana aiki da kamfanin Lohner a ƙasar Ostiriya, ya saka injin lantarki a cikin taya kanta. A shekarar ya haɗa wa wani Bature ɗan Ingila, E. W. Hart, mota mai injin a kowace taya, duka huɗun. Ta yi tafiya, amma batirinta kaɗai ya kai kilo 1,800. Nauyi da tsada suka kwantar da maganar, fetur ya ci kasuwa.

Masu son fowil sai suka koma ga ƙarfe zalla. Kamfanin Dangel na Faransa, wanda aka kafa a 1980, ya riƙa karɓar 504 yana ƙara mata giya da farfela zuwa gaba.

A 1989 Audi ta fito da Duo: fetur na jan gaba, lantarki na jan baya, babu farfela a tsakani. Kaɗan aka ƙera, don gwaji. Toyota ce ta kai abin kasuwa sosai a 2001 da Estima Hybrid, tsarin da ta kira E-Four. A 2011 Peugeot ta biyo da 3008 HYbrid4 mai dizal. A akori-kura juya tsarin kawai ake yi, lantarkin ya koma gaba.

To me ya sa har yau ba ka ganin shi a kowane gareji? Abu uku ne.

Na farko, nauyi. Injin da ke cikin taya shi ke shan kowane rami, shokozoba ta wahala. Lordstown ta Amurka ta gina akori-kurarta Endurance a kan wannan tsari, a 2023 kamfanin ya karye.

Na biyu, kwamfuta. Dole injinan biyu su san abin da juna ke yi. Idan gaba ya ja fiye da kima a kan kwana ko a santsi, motar za ta iya ƙwace maka. Tsohuwar mota mai kafireta kuma ba ta da na'urorin da za su faɗa wa kwamfutar gudun kowace taya, sai an saka mata.

Na uku, batir. Nan mu masu gyaran waya muka fi ganewa. Batirin wayarka bai kai volt 5 ba, amma ka ga yadda yake kumbura idan ya sha zafi. Na Prius ya haura volt 200. Wannan wutar kisa take yi, shi ya sa ake yi wa wayoyinta launin ruwan lemo.

Saboda haka idan wani ya ce zai haɗa maka, kafin ka ba da ko sisi ka tambaye shi: me zai sanyaya batirin, wace na'ura za ta kula da cajinsa, kuma me zai yanke wutar idan an yi hatsari? In ya fara kame-kame, ɗauki makullinka ka tafi.

Ka tura wa abokinka mai akori-kura. Sai mun haɗu a darasi na gaba.