Notin da Ya Karye a Jikin Inji: Daga Maƙera Zuwa Gareji

Da sanyin safiya ake gane ciwon. Direba ya murɗa makulli, inji ya tashi, sai a ji wata 'yar ƙara daga gefensa kamar ana ƙwanƙwasa kwano da cokali. Bayan minti biyar ƙarfe ya ɗau zafi ya kumbura, ƙarar ta lafa, mai mota ya ce ai ta warke da kanta. Bakanike kuwa yana ɗaga bonet zai nemi inda baƙin hayaƙi ya yi zane a mahaɗar salansa da kan inji, ya shafa da yatsa, ya ce, "Alhaji, noti ya karye a ciki."

Abin da notin yake riƙewa shi ne manifol, ƙarfen zubi mai rassa da ke tattara hayaƙin kowace silinda ya zuba shi cikin salansa. Babu ƙarfen da ke shan azabar wuta a wajen inji kamarsa, domin hayaƙin da ke ratsa shi yakan haura digiri 600 idan mota tana jan kaya. Duk tashin inji sai ya miƙe, duk kashewa sai ya tsuke, yana jan notocin da suka ɗaure shi gaba da baya. Kaurin yawancinsu milimita 8 ne kacal. Shekaru suna tafiya, tsatsa tana ci, wata rana ɗaya ya tsinke da kansa, ko ya tsinke a hannun yaron gareji da ya ƙara wa sifana bututu don ya sami ƙarfi. Kuma ba ya tashi karyewa sai daidai bakin rami, inda filaya ba ta da abin kamawa.

Yadda ake fitar da wannan guntu ya sauya sau da dama a ƙasar Hausa, kuma kowane sauyi yana bin irin motar da ta cika titi a zamanin.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manyan motoci suka biyo baya suna kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyuka zuwa tasha. Kanikawan farko sun koyi aiki ne a ma'aikatun Reluwe, da na sashen ayyuka na gwamnati, da na En'e, da garejin kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt. Bayan 1945 sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama sun ƙara yawansu, don da yawa an koya musu tuƙi da gyara a bariki. Amma direban da motarsa ta lalace a tsakanin garuruwa ba shi da waɗannan. Maƙerin gari yake nema, mutumin da ya gaji zuga-zugi da masaba da awartaki, wanda ya san cewa ƙarfen da ya ƙi jin magana wuta yake jira.

Motocin wancan lokaci sun dace da hannunsa. Bedford da Austin da sauran manyan motocin Ingila kan injinsu ƙarfen zubi ne, manifol ma haka, saboda haka ana iya gasa wurin ba fargaba. Sai a jiƙa guntun da kananzir ya kwana, da safe a ɗora kurfi a gefensa a sare ɗan gurbi, a riƙa bugawa sannu sannu ta hagu har ya motsa. Aiki ne na haƙuri, yakan ci yini. Matsalar zamanin ta fi yawa wajen samun madadi, don notocin Ingila awon inci ne, wasu ma a kan tsarin da Joseph Whitworth ya fitar tun 1841, haƙoransu ba sa shiga na motocin Faransa da Jamus masu awon milimita. Wanda ya tilasta wani a ramin wani ya ɓata ramin, ya kuma shirya wa na bayansa wata karayar.

Sai Fijo ta zo ta canja lissafi. Ƙirar 404 ta riga ta yi suna, sannan a 1975 masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa 504, wadda ta zama motar gwamnati, motar tasha, motar ɗan kasuwa, aka ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000. Gangar jikin injinta ƙarfen zubi ne, amma kansa alminiyom ne, kuma a nan ilmin maƙeri ya gamu da abin da bai saba da shi ba. Maƙeri da ido yake auna wuta: ja, jawur, ruwan ɗorawa, kowane launi da abin da yake faɗa masa. Alminiyom ba ya yin wannan gargaɗi. Yana nan da farinsa har ya kai digiri 660, sai kawai a ga ya zube. Ga shi kuma yana kumbura kusan ninki biyu na ƙarfe idan ya yi zafi, yana haifar da wata farar tsatsa da ke manne noti a ramin kamar siminti.

Hudawa ma ta zama haɗari. Noti tauri, alminiyom laushi, don haka bakin abin huda yakan zame daga tsakiyar guntun ya faɗa gefe inda ya fi sauƙin ci. Ɗan kuskure kaɗan ya kai shi ga hanyar ruwan da ke sanyaya inji, aikin noti ɗaya ya koma sayen kan inji sukutum a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka.

Akwai wani ɗan ƙarfe mai murɗaɗɗen haƙori na hagu da kamfanin Cleveland Twist Drill na Amurka ya yi wa suna Ezy-Out, wato mai fita da sauƙi. Ana huda guntun, a cusa shi, a murɗa ta hagu ya ciji ciki ya fito da shi. A littafi ke nan. A gareji sunan ya fi aikin daɗi, domin ƙarfen yana da tauri ƙwarai kuma ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Idan ya karye a cikin guntun, an sami abin da bakin huda na yau da kullum ba ya ci. Tsofaffin kanikawa da yawa suna da shi a akwati, ba sa son a tuna musu.

Mafita ta zo daga mai walda. Fitilar walda ta gas, wadda Edmond Fouché da Charles Picard suka ƙera a Faransa a 1903, ta daɗe a garejojin Arewa, inda ake jiƙa kabaid da ruwa a tukunya a sami gas ɗin. Amma waldar lantarki ce ta dace da wannan aiki, mai amfani da sandar nan mai rufi da Oscar Kjellberg, wanda ya kafa kamfanin ESAB a Suwidin a 1904, ya ƙirƙiro. Da masu naɗa waya suka iya haɗa injin walda na gida da araha, sai kusan kowane gareji ya sami mai walda a maƙwabta.

Aikin abin kallo ne. Mai walda ya goge bakin guntun har ya yi haske, ya ɗora washa a kansa, ya ɗiga wuta a tsakiya ɗigo bayan ɗigo har ƙarfe ya taru ya yi ɗan tsiro. Ya kawo macen noti mai faɗi ya kifa a kai, ya cika cikinta da walda har ta yi jawur. Sannan ya ajiye abin hannunsa ya jira, don wanda ya murɗa da zafi zai tsinke abin da ya gina. Idan ta huce, bakanike ya sa sifana, ya ɗan ja gaba, ya ɗan ja baya, yaro yana ɗiga man birki a gindi. Sau da yawa macen notin takan fita ita kaɗai, a sake, wani lokaci har sau huɗu. Can sai a ji ƙiiƙ, guntun ya fara juyawa. Dabarar tana cin riba biyu: zafin da ya ratsa guntun ya farfasa tsatsar, kuma narkakken ƙarfe ba ya kama alminiyom, don haka ramin yana nan lafiya. Alminiyom ɗin da ya hana maƙeri sakewa shi ya ba mai walda dama. Sai dai in an ɗauke wuta, mota ta kwana.

Idan haƙoran ramin sun riga sun cinye, ana kai wa masu injin tana su faɗaɗa shi daga milimita 8 zuwa 10, ko su sa masa wata murɗaɗɗiyar waya mai suna Heli-Coil, wadda aka fara yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1930 saboda injinan jirgin sama masu kan alminiyom.

Daga 1986, da tsarin SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, tsofaffin motoci 'yan Kwatano suka cika tituna. Sun zo da nasu ciwon. Motar da ta yi shekara goma a Turai ko Kanada, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, notocin salansarta sun riga sun rube kafin ta sauka daga jirgin ruwa. Injinan Toyota da Honda da yawa a gicciye suke, wasu manifol ɗinsu yana can baya a matse, inda hannu da kyar yake shiga balle sandar walda. Sifanar da ake kira ma ta canja: a Fijo lamba 13 ce, a motocin Japan 12. Sannan ga ƙwaƙwalwar mota, wadda wutar walda ke iya ƙonawa. Shi ya sa yau, kafin mai walda ya kunna injinsa, za a ji maigidan gareji ya ɗaga murya daga ƙarƙashin rumfa: "Kai, ka cire kan batir tukuna!"